Yatsun Mai Zane

Ku matso kusa, masu karatu, yau ma ni ce. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah har faɗa ta yi min, wai na bar ku a tsaye na ɓace, kuma har yau ban faɗi gaskiyar abin da ke tsakanina da Mai Zane ba. Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Ba jan aji ba ne. Ni kaina ban san abin da ke tsakaninmu ba sai ranar Asabar ɗin nan da ta wuce. Saboda waɗanda yau suka fara shigowa, bari in ɗan ja baya.

Ni likitar gashi ce, amma ba gashin kai ba, don Allah kada wata ta turo min hoton goshinta. Gashin ƙashi da gaɓoɓi nake yi a asibiti. Wanda ya karye aka cire masa filasta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wadda ciwon baya ya hana ta sunkuyawa, su ne mutanena. Ina zama da su ina lallaɓa gaɓoɓin har su tuna aikinsu. A gida kuwa Gwaggo, yayar Abbanmu, tausa take kiran abin. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce yanzu duk wannan karatun don a koyi tausa aka yi shi, sannan ta miƙo min gwiwarta.

Mai Zane kuma gidaje yake zanawa. Sunan da na sa masa ke nan a waya, shi zan bar muku. Kakarsa ya riƙa kawowa wajenmu bayan an yi mata aiki a ƙugu. Ya zauna a bencin da ke kusa da ƙarafan koyon tafiya, riga mai dogon hannu ta sha guga, maɓalli a rufe har wuyan hannu, fensir a bayan kunne. Bai taɓa yi min maganar da ta wuce gaisuwa ba sai da Kaka ta ajiye sanda. Mutum ne mai rubutu. Saƙonsa a waya sai kin gyara zama kafin ki karanta, da waƙafi da aya kamar mai rubuta jarrabawa. Ranar da ya nuna min zanen gidan da yake so ya gina, na ga wani ɗaki a gefe mai faffaɗar ƙofa, babu matakala ko ɗaya. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ɗakin aikina ne, ƙofar saboda keken marasa lafiya. A ranar na san na faɗa.

To aikinmu ba a gama karatunsa. Duk shekara sai ka nuna ka je bita ka ƙaro ilimi kafin a sabunta maka lasisi. Yawanci bitar ba ta wuce a tara mu a wani zaure, a haska hotuna a bango, a ba mu shayi da takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Amma akwai wani kwas na watanni a babban asibitin koyarwa, a wani gari mai nisa da namu, kan aikin wuya da ƙashin baya da hannu. Mutane kaɗan ake ɗauka. Na nema an hana ni, na sake nema an hana ni. Sai da manya suka fara maganarmu da Mai Zane sannan aka kira ni.

Ranar da na faɗa a gida, Umma tana zaune a tsakar falo tana ninke wanki, Gwaggo ta miƙe ƙafa a doguwar kujera, Abba yana gefe da tabarau a kan hanci yana fama da rimot ɗin talabijin da ya daɗe da mutuwa. Gwaggo ce ta karɓe zancen. Wai sa'o'ina 'ya'yansu sun shiga makaranta, ni ina tara takardu kamar zan yi katifa da su. Namiji ya fito da gaske, iyayensa sun buɗe baki, ni kuma zan saɓi jaka in tafi koyon murɗa wuyan mutane. Umma ba ta ɗago ba. Zanin gadon da ke hannunta ta yi ta ninkewa har ya koma kamar hankici.

"Kin dai san shekarunki," ta ce a hankali. "Ni ba zan faɗa ba."

Abba bai ce komai ba sai, "A tambayi yaron."

Na tambaye shi. Ya turo dogon saƙo irin nasa, a ƙarshe ya rubuta: "Ki je, Likita. Gidan ma ban gama zana shi ba. Ki koyo da kyau, don wuyan nan nawa ya gaji da sunkuyo a kan tebur, ke nake jira."

Haka na tafi.

Ɗakin da aka ba ni a masaukin ɗalibai, idan na miƙe hannuwa sai in kusa taɓa bango biyu. Ƙaramin gado, tebur mai ƙafa ɗaya gajera, fanka mai tari idan an ƙara mata gudu, taga tana kallon bayan ɗakin wanki. Da safe in saka shuɗin kayan aiki da takalmin roba, in ɗaura ƙaramin mayafi in cusa bakinsa cikin riga don kada ya riƙa zubowa kan mutum. Ba zobe, ba awarwaro, farce a yanke har nama. Dogayen rigunan da na zo da su suna rataye a ƙusa ɗaya, ban da inda zan je da su.

'Yan ajinmu mutanen kirki ne, ban da abin faɗa a kansu. Matan duk masu aure ne. Ana tashi daga aji kowacce ta manna waya a fuska tana tambayar wa ya ci abinci, wa ya yi aikin makaranta, wa ya daki wa. Mazan kuma su wuce kallon ƙwallo. Ni in sayi burodi da madara in hau sama. Wani lokacin in bar ƙofata a buɗe don in riƙa jin hayaniyar 'ya'yan wasu ta cikin waya.

A ɗakin gwaji bibbiyu ake yi, mace da mace, namiji da namiji, wannan ta kwanta wannan ta gwada, sannan a juya. Da aka raba mu sai ni na yi saura. Aka turo min ƙwarangwal ɗin roba mai tayoyi da ke tsaye a kusurwa, wata ta ce ga angona nan, aka yi dariya. Daga ranar sunansa ya koma Ango. In na shigo a ce min Ango ya kwana yana cigiyata. Ina taya su dariyar, me zan yi? Amma ku da kuka san yadda irin wannan wasan yake sauka a ƙirji, kun sani.

Malamarmu tsohuwa ce gajera, furfura ta cinye girarta, muryarta ba ta tashi. Malama kawai muke ce mata. Da ta ga ba ni da abokiyar gwaji sai ta mai da ni abin nuni. Wata rana ta ce in kwanta ruf da ciki, fuskata a cikin ramin nan na gadon gwaji. Ta ɗora tafukanta a bayan wuyana. Ba ta danna ba, ba ta murza ba, ajiye su kawai ta yi, masu ɗumi.

"Yarinya," ta ce, "kayan mutum nawa kika ɗora a nan?"

Aji ya yi dariya. Ni ma kafaɗuna suka motsa kamar mai dariya. Amma ta cikin ramin ina kallon hawayena yana ɗiga a kan tayil. Shekaru ina riƙe ƙafafun mutane da hannayensu tun safe har yamma, sai a ranar na tuna rabon da wani ya taɓa ni tun wani zazzaɓi da Umma ta dafa goshina. Malama ta ci gaba da yi wa aji bayani, hannunta ɗaya bai bar wuyana ba sai da numfashina ya daidaita. Ba ta taɓa yi min maganar ba.

Abin da ke riƙe ni a garin nan saƙon Mai Zane ne. Da farko kullum da yamma sai ya zo, dogo, da labarin ofis da na Kaka da tambayar me Ango ya ce yau. Sai rubutun ya fara gajarta. Sai ya koma saƙon murya, ya ce wai ya fi son in ji shi. Na ji daɗi, wallahi, na ɗauka ci gaba ne. Daga nan muryar ma ta ja baya. In rubuta masa abin da ya cika fuskar waya, in samu hoton babban yatsa guda ɗaya. In kira, ya ce yana tsakiyar aiki zai neme ni. In idar da sallar magariba in zauna a bakin gado da waya a cinya, fanka tana tari, har in gaji in tashi in wanke kayan aikin gobe.

Gida kuma labari ya kai. Umma ta kira ta ce yaron ya daina zuwa gai da Abba. Gwaggo ta karɓi wayar ta ce an ga motarsa a rufe da tampol, an ce ofis ma ba kullum yake zuwa ba, kuma namiji idan ya fara irin wannan ɓuyan to wata ce ta ba shi wajen ɓuya. Umma ta ce in tattaro in dawo tun kafin a fara yi da mu, takarda ba ta guduwa. Yayana, wanda ba ya shiga maganar kowa, shi ma ya turo layi ɗaya: "Auta, ki duba lamarin nan." Na sauko da jakata daga kan kwaba, na buɗe ta a kan gado, na zuba rabin kayana. Sannan na rubuta wa Mai Zane: "Idan akwai wata, ka faɗa min. Ba zan yi rigima ba." Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba. Jakar ta zauna a buɗe a ƙasa, ina tsallake ta safe da yamma, ban tafi ba, ban kuma mai da kayan ba.

Ana cikin haka Malama ta shigo aji wata safiya ta zuba hannuwanta biyu a aljihu. Ta ce duk watannin nan tana koya mana yadda ake ɗora hannu, yau za ta koya mana wanda ba a ɗora wa. Ta ce akwai mai zuwa da ciwon wuya, amma ba tsoka ba ce, wani abu ne yake matse lakar da ke cikin ƙashin wuyan. Irin wannan idan ka murɗa shi kana iya kwantar da shi har abada. Ta ce ciwon wuyan ma wani lokaci ba shi da yawa, hannu ne yake tona shi. Yatsu su yi nauyi. Maɓalli ya gagara. Mukulli ya riƙa suɓucewa. Rubutu ya lalace. Tafiya ta koma kamar ta mai taka katifa. Ta haska mana bidiyon wani dattijo yana kokawa da maɓallin rigarsa yana dariyar kunya. Sannan ta nuna mana wani ɗan gwaji: ka riƙe hannun mutum a sake, ka ɗalli farcen yatsansa na tsakiya. A mafi yawan masu lafiya babu abin da zai faru. Idan babban yatsa ya zabura ya lanƙwaso, to ka mai da hannunka aljihu ka tura shi wajen likitan laka a ɗauki hoto.

Aji ya kaure da ɗallar yatsun juna ana dariya. Ni ina tsaye kusa da Ango, Mai Zane nake tunowa. Rubutun da ya koma murya. Motar da aka rufe da tampol. Wani saƙon murya da na ji abu ya faɗi ya fashe, ya yi salati ya ce kofi ne. Na ce wa kaina ke dai ɗaliba ce, duk cutar da aka koya miki sai kin gan ta a jikin naki. Na ce wa kaina kina neman uzurin da ya fi wata mace sauƙin haɗiya ne. Duk da haka na fita baranda na kira shi. Bai ɗauka ba.

Ranar Asabar bayan la'asar ina wanki a bokiti, mai kula da masauki ta ƙwanƙwasa ta ce ina da baƙo a ƙasa. Na leƙa ta tagar matakala na ga tasi tana juyawa, shi kuma yana zaune a bencin siminti ƙarƙashin bishiya. Na koma da gudu na zaro doguwar riga ruwan toka daga ƙusa, duk ta yamutse, na yafa farin mayafi, na goga hoda da hannu mai ƙanshin sabulu. Kwalli ma ido ɗaya na sa wa na fasa, na goge.

Tun daga nesa na fara ganin abin da ba na so in gani. Mutumin da ban taɓa gani ba maɓalli ba, riga ce a jikinsa mai shiga ta kai. Silifas a ƙafarsa. Gemunsa ya tofo ba gyara. Babu fensir a bayan kunne. Hannuwansa biyu ya matse su a tsakanin gwiwoyi. Da ya gan ni ya yunƙura zai miƙe, sai da ya ware ƙafafu sannan ya tsaya daidai.

Muka gaisa kamar baƙi. Na ce ya rame, ya ce ni ma. Na sayo masa shayi a kantin masauki, ya kalli kofin ya ce a ƙoshe yake. Sai ya fara maganar da na ga alama ya haddace ta a hanya. Babu wata mace. Ban yi masa laifin komai ba. Kwas ɗina ba shi ne dalili ba, kada in bari a ɗora min. Ya riga ya roƙi Kawunsa ya je wajen Abba gobe ya ba da haƙuri, a bar maganar. Ya ce ya zo ne don in ji daga bakinsa.

Na bar shi ya kai aya. Sannan na ce, "Ba ni hannunka."

"A'a."

"Don Allah."

"Kin gani ko?" Ya yi wani murmushi mara daɗi. "Ko zama ba mu gama yi ba kin koma likita. Watanni na yi a bencin nan naku ina kallonki da Kaka. Na san fuskar da kike yi wa mutanenki. Fuska ce mai kyau. Amma ba na so a riƙa yi min ita a gidana safe da yamma. Ki dawo daga aiki ki tarar da wani aikin yana jiranki a falo."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Tun kafin in taho yatsun suka fara yi masa kamar ya sa safar hannu. Fensir ya fara faɗuwa, sannan linzamin kwamfuta ya daina bin umarninsa, har ya miƙa ayyukansa ga wani a ofis ya ce hutu yake so. Ya faɗi a matakala. Ya bincika a waya, ya karanta cututtukan da ba su da magani, ya zaɓi mafi muni ya ce ita ce tasa, tsoro ya hana shi zuwa asibiti a tabbatar masa. Wani abokin aikinsa ya kai shi wajen wani mai gyaran targaɗe, mutumin ya kama kansa ya murɗa har ya yi ƙara. Bayan zuwa na biyu, duk sanda ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar wutar lantarki ta bi bayansa har ƙafa. An ce masa alamar jijiya ta fara buɗewa ce. Idan ya koma gida akwai zuwa na uku.

Masu karatu, ban san lokacin da muryata ta canza ba. Ni da ko a waya ba na iya yi masa musu.

"Auren naka ne, ka fasa idan ka ga dama, ba zan roƙe ka ba. Amma wuyan nan babu wanda zai ƙara murɗa shi. Kuma yanzu ba budurwarka ke magana ba. Ɗaliba ce, an koya mata abu ba ta taɓa gwadawa a jikin mutum ba sai ƙwarangwal. Ka taimaka mata."

Sannan ya zaro hannun dama ya miƙo, kansa a juye gefe kamar yaron da za a yi wa allura. Tun da muke ban taɓa riƙe hannunsa ba. Yana da ɗumi, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa. Na ce ya saki jiki. Na ɗalli farcen tsakiya. Babban yatsan ya zabura. Na sake, ya sake zabura. Na karɓi na hagu, shi ma haka. Na kafe idona a kan silifas ɗinsa don kada ya ga ko wace fuska nake yi.

Na kira Malama. Ina jin hayaniyar jikoki a bayanta. Ta yi min tambayoyi gajeru, ta ce kada in bar shi ya hau babur, kada ya koma gida yau, in taka da shi a hankali zuwa sashen gaggawa, za ta kira likitan laka ta same mu a can. Ta ce ita ba za ta iya sa wa abin suna ta waya ba, ni ma ba zan iya ba, hoto ne zai faɗa.

"Yatsun za su dawo?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba. Idan abin da muke zato ne, akwai aikin da ake yi a tsayar da shi. Abin da ya riga ya tafi, wani yana dawowa, wani ba ya dawowa."

Ya gyaɗa kai. Ina jin gaskiyar ta fi yi masa daɗi a kan lallashi.

Asibitin yana tsallaken titi. Ya ƙi ya dafa ni. Ban ankara ba na koma ɗan bayansa ta ɓangaren da ya fi rauni, hannuna a shirye, yadda nake bin mutanena. Ya tsaya cak ya ce, "Ki dawo gefena." Na dawo. Haka muka tsallaka, kafaɗa da kafaɗa, masu mota suna ta danna mana oda.

Aka sa masa abin tallafe wuya, aka kwantar da shi a gadon turawa. Malama ta iso da kayan zaman gida da garin tuwo a gefen hannun riga. Ta kalle shi, ta kalle ni da rigata mai yamutsa, ba ta tambayi komai ba. Likitan ya duba shi, ya buga gwiwoyinsa da 'yar guduma, ya ce a wuce da shi ɗakin hoto yanzu. A bakin ƙofar nas ta ce a cire duk wani ƙarfe. Ya yi ta fama da maɗaurin agogonsa, na sa hannu na kwance masa. Nas ɗin ta dube ni ta ce daga nan sai iyali.

"Matarsa ce ke?"

Bai iya juyo da kai ba saboda abin wuyan, idanunsa kawai ya juyo.

Na ce, "Tukuna dai."

Bai gyara min ba.

Hoton ya nuna abin da Malama ta koya mana. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ya turo ya danne laka. Likitan ya ce ba cutar da ya karanta a waya ba ce, aiki za a yi, kuma ba za a ja lokaci ba. Ya ce ba zai yi alkawarin yatsu ba. Malama ta dafa kafaɗata ta ce na yi daidai da na mai da hannuna aljihu, ta tafi wajen jikokinta. Aka ba shi gado a sama. Ya kira Kaka da iyayensa, ni na riƙe masa wayar a kunne. Ban ji ya kira Kawu ba, ban kuma tambaye shi ba.

Na fito baranda na duba tawa wayar. Kiran Umma ya cika ta. Ga saƙon Yaya: "Kawunsa ya kira Abba, wai gobe zai zo. Me ya faru?" Na jingina da bango kusa da wata taga, fitilun titi sun fara kamawa, na kira Umma. Tana ɗauka ta fara, ai ga irinta nan, ai ta faɗa min. Na ce ta saurare ni. Na faɗa mata komai, yatsun, faɗuwar, hoton, aikin da za a yi. Na ce ba wata mace, Umma, tsoro ne ya sa shi. Idan Kawunsa ya zo gobe a karɓe shi da mutunci, amma kada Abba ya amsa maganar fasawa.

Na ɗauka za ta ce alhamdu lillahi. Na ɗauka za ta ce in gaishe shi. Sai na ji Gwaggo a gefe tana tambayar me aka ce. Da Umma ta dawo, muryarta ta yi laushi irin laushin da ban yarda da shi ba. Ta tambaya ko likita ya ce zai warke sarai. Na ce bai yi alkawari ba. Ta tambaya idan hannun bai dawo ba da me zai yi zanen. Na ce ban sani ba.

"To Auta," ta ce, "ki bar Kawun nasa ya zo mu ji. Tun da su suka nema da kansu, ba mu muka kore su ba. Ki zauna ki gama kwas ɗinki a tsanake, babu mai gaggawa. Wataƙila Allah ne ya dube ki."

Matar da ta ce in tattaro in dawo. Na riƙe wayar ina sauraron numfashinta, ita ma tana sauraron nawa. Na san ba mugunta ba ce. Ta ga irin mutanen da nake ɗagawa, ta san nauyinsu. Na ce mata sai da safe.

Na daɗe a barandar. Masu jinya suna wucewa da kwanuka da filo, kowa da wanda zai faɗa wa abin da likita ya ce. Na gyara mayafina, na goge fuskata da bakinsa, na tura ƙofar ɗakin.

Yana kwance yana kallon silin. Ya ji takuna.

"Da Umma kika yi waya?"

"E."

"Me ta ce?"

Na jawo kujera kusa da gadon na zauna.

"Tana gaishe ka," na ce.